Darasin Sauti Ba Ya Jiran Ɗakin Gwaje-gwaje

Duk mai ɗa ko ƙane a aji biyu na babbar sakandare, ɓangaren kimiyya, ya karɓi littafinsa na fiziks ya buɗe inda aka yi musu darasin sauti. Abin da zai tarar kusan iri ɗaya ne, ko a Kano yake ko a Gusau ko a Azare: ma'anar sauti cikin layi biyu na Turanci, zanen wani layi mai hawa da sauka, ƙa'idar nan ta lissafa gudun sauti, v = fλ, an zagaye ta da jan biro, sai lissafi uku ko huɗu da malam ya warware a allo aka kwafe. Rubutu tsaf, lissafi daidai. To a rufe littafin a tambayi yaron: yaya ake yi idan ka tara jarka a famfo kake gane ta kusa cika ba tare da ka leƙa ba? Zai ce ai ƙarar ce take canjawa. A ce masa me ya canja ta, kuma mene ne haɗinta da abin nan da ka zagaye da jan biro? A nan yawanci zance yake tsayawa.

Ba na ganin laifin yaron. Abin da aka ba shi ya riƙe, ya kuma riƙe da kyau. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, cikin duk darussan fiziks na sakandare babu wanda ya kai sauti arhar koyarwa, amma shi ma mun tura shi sahun waɗanda ake cewa sai an samu kayan aiki. Idan malami ya ce ba zai iya nuna aikin lantarki ba saboda makaranta ba ta da batir da wayoyi da ma'auni, na ji, na kuma tausaya masa. Amma sauti fa? Ɗalibi da kunnensa da maƙogwaronsa yake zuwa aji, kuma tun yana goye yake hulɗa da abin.

Amsar jarkar ba ta da nisa. Ruwan da ke zuba yana kaɗa iskar da ta rage a ciki. Idan filin iskar yana da yawa a hankali take kaɗawa, sautin ya fito da kauri. Ruwa na hawa fili na raguwa, kaɗawar na ƙara sauri, sautin na sirancewa, har ya kai inda ɗan garuwa ke miƙa hannu ya cire tiyo ya mayar a jarka ta gaba, idonsa ma yana wani wuri. Yawan kaɗawar nan a sakan ɗaya shi ne f ɗin da ke cikin littafi, shi ake aunawa da haz, don tunawa da Bajamushen masani Heinrich Hertz. Ɗan garuwa kullum yana aiki da abin bai san sunansa ba, ɗalibinmu kuma ya haddace sunan bai gane abin ba.

Zanen nan mai hawa da sauka ma yana da tasa ɓarna idan da shi aka fara. Yaro na ganinsa sai ya ɗauka sauti yana tafiya a iska ne kamar maciji, yana lanƙwasa sama da ƙasa. Abin da ke faruwa dabam ne. Idan fatar ganga ta turo gaba sai ta matse iskar da ke gabanta, idan ta koma sai iskar ta saki. Matsin nan da sakin su ke bin juna har su iso dodon kunne su kaɗa shi. Ita iskar ba ta zuwa ko'ina, ɗan gaba da baya kawai take yi a inda take. Zanen yana nuna yawan matsi ne, tazarar da ke tsakanin matsi da matsi kuma ita ce tsawon zango, λ ɗin nan da yara ke shan wahalar rubutawa.

Minti biyar ya isa a nuna wannan. A fito da yara goma sha biyar su jeru kafaɗa da kafaɗa, a ɗan ture na farko. Turin zai ratsa layi har na ƙarshe ya yi tangaɗi, alhali kowa na nan a gurbinsa. A ce su ware, kada wani ya taɓa wani, a sake turawa: ba abin da zai wuce. Sun ga ke nan dalilin da ya sa sauti ba ya bi ta inda babu komai, abin da Robert Boyle ya nuna a Ingila a 1660 da ya sa agogo cikin tulun gilashi, yana zuƙe iskar ƙarar agogon tana dusashewa. A ce su sarƙe hannuwa su ƙanƙame juna, turin zai isa ƙarshe nan take. Daga nan idan malam ya rubuta cewa sauti yana cin kusan mita 340 a sakan cikin iska, kusan 1,480 cikin ruwa, wajen 5,000 cikin ƙarfe, lambobin sun samu wurin zama. Ɗan makanike ma zai tuna yadda babansa ke dafa bakin sukundireba a jikin inji ya kara kanta a kunne don ya ji inda ƙwanƙwasa take.

Sai abin da na fi jin takaicinsa. Muna zaune a ƙasar kalangu, amma dangantakar ɗauri da sauti muna koyar da ita ne da zanen wata na'ura ta katako da waya, wadda yawancin ɗalibai za su gama makaranta ba su taɓa ta ba. Ka tsaya kusa da mai kalangu a wurin biki ko a mahauta, ka bar kallon hannun da ke bugu, ka kalli hammatarsa. Igiyoyin fatar nan da suka haɗa bakunan gangar biyu suna ƙarƙashin damtsensa. Ya matse, fata ta ɗame, sauti ya sirance. Ya sassauta, ya yi kauri. Ya buga sannan ya matse kafin amon ya mutu, sai ka ji sautin ya lanƙwasa yana hawa. Da haka yake bin hawa da saukar muryar Bahaushe har ka ji ganga ta kira sunan mutum ta yi masa kirari. Ƙarfin bugu kuwa aikinsa dabam: idan ya ƙara bugu, ƙara ce ke daɗuwa, sirantar tana nan yadda take. Bambancin ƙarfin sauti da sirantarsa, wanda ɗalibai ke ta ruɗewa a kai a jarrabawa, ga shi nan an raba shi tsakanin hannu da hammata.

Mai goge shi kuma da tsawo yake aiki. Tsirkiyarsa ta izgar doki guda ce tal, amma yatsunsa na taɓa ta nan da can, suna rage tsawon ɓangaren da ke kaɗawa. Ƙwaryar da aka rufe da fatar guza ita ke karɓar kaɗawar ta ture iska mai yawa, ba don ita ba da ƙyar za a ji shi. Ƙa'idojin da ke ƙarƙashin wannan tsofaffi ne. Al-Farabi, wanda ya rasu wajen shekarar 950, ya yi rubutu mai zurfi kan sauti da rabon tsawon tsirkiya, kuma a 1636 Bafaranshen nan Marin Mersenne ya fito da su cikin lissafi: ka rage tsawon tsirkiya da rabi, kaɗawa ta ninka biyu, ka ninka ɗaurinta huɗu, kaɗawa ta ninka biyu, tsirkiya mai nauyi ta fi marar nauyi kaurin murya. Kakaki da sarewa kuma darasin bututu suke bayarwa, wato yadda tsawon filin iskar da ke ciki ke canja sauti.

Na san akwai iyaye da malamai da ba za su so a shigo da kayan kiɗa makaranta ba, kuma ba na raina dalilinsu. Ba dole sai da kalangu ba. A ɗaure siririyar waya ko zaren kamun kifi a ƙusa a jikin benci, a ɗora ta kan 'yan katako biyu, a rataya leda a ɗaya bakin. Fiya wata ta rabin lita nauyinta rabin kilo ne. A sa biyu cikin ledar, a ja wayar da farce a saki a saurara. A mayar da su takwas a sake: ɗauri ya ninka huɗu, kaɗawa ta ninka biyu, kunne zai shaida. Ko a jera kwalaben lemo da ruwa hawa-hawa. Idan aka busa bakinsu, mai ruwa da yawa ta fi siranta. Idan aka ƙwanƙwasa su da cokali, ita ce ta fi kauri. A bar yara su yi ta gardama kan wannan saɓani har su gano da kansu cewa wajen busa iska ce ke kaɗawa, wajen ƙwanƙwasa kuwa kwalba ce da ruwanta. Ruwa na ƙasa, sai ga wanda bai tona ba.

Gwajin da nake ganin bai kamata ɗalibin fiziks ya bar sakandare bai yi shi ba shi ne auna gudun sauti da hannunsa. Ana buƙatar doguwar katanga ko bangon babban gini mai fili a gabansa, da tef ɗin awo na magina, da katako biyu, da agogon waya. A auna mita 70 daga bango. Yaro ɗaya ya haɗa katakon ya buga, a ji amsa-kuwwa ta dawo. Sai ya riƙa bugawa a jere, yana daidaita saurinsa har kowane bugu ya faɗo daidai lokacin da amsar na baya ta iso. Da farko zai yi ta kuskurewa, 'yan aji na dariya suna gyara masa, can sai hannunsa ya kama. Wani ya danna agogo a kan bugu ɗaya, a ƙirga ashirin bayansa, a tsayar. Za a samu wajen sakan 8. Tsakanin bugu da bugu ke nan sakan 0.4 ne, sauti kuma ya yi tafiyar mita 140 zuwa da dawowa, wato mita 350 a sakan. Lissafin nan shi ne dai na hoton cikin da ake yi wa mai juna biyu a asibiti, sai dai can sautin yana kaɗawa miliyoyi a sakan.

Kowane rukuni da abin da zai samu, wani ƙasa da haka, wani sama. A nan ne darasin gaske yake farawa: me ya sa ba mu samu abu ɗaya ba? Wa ya yi jinkirin danna agogo? Me ya sa ƙirga ashirin ya fi ƙirga ɗaya? Can wani zai ɗaga hannu ya ce, “Malam, ai littafi 340 ya ce.” Sai malam ya gaya masa cewa gudun sauti a iska mita 331 ne a sakan idan ma'aunin zafi yana kan sifili, kuma kowane digiri yana ƙara masa kusan 0.6. Da safiyar hunturu mai digiri 15 zai zama 340, da ranar Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri mai digiri 40 zai kai 355. Ashe wanda ya samu 350 da hantsi bai kauce ba. Yaron da ya ga awonsa ya bambanta da na littafi, aka kuma nuna masa dalili, ya fara gane cewa lambobin kimiyya mutane ne suka auno su, shi ma zai iya. Damina na zuwa zai riƙa ƙirga tsakanin walƙiya da tsawa, kowane sakan uku kilomita ɗaya.

Waɗanda suka fara waɗannan awo ma ba su fi mu kayan aiki ba. A 1826 Daniel Colladon ya auna gudun sauti cikin ruwa a tafkin Janiba da kwale-kwale biyu, da ƙararrawa a ƙarƙashin ruwa, da walƙiyar albarushi don na nesa ya san lokacin bugu, ya samu mita 1,435 a sakan. A 1845 a Holan, Buys Ballot masu busa ƙaho ya ɗora kan jirgin ƙasa don ya gwada maganar Christian Doppler, cewa sautin abin da ke tunkaro ka ya fi siranta, na mai barinka ya fi kauri. Mu mai babur ɗaya ya ishe mu, ya danne hon ya wuce ta ƙofar makaranta.

Ga kuma waya. Malamai da dama suna da babbar waya a aljihu, kuma akwai manhajoji na kyauta, irin phyphox da wata jami'a a birnin Aachen na Jamus ta fitar, masu nuna zanen sauti da yawan kaɗawarsa nan take. Namiji ya ce “aaa” a ga wajen haz 120, mace ta ce a ga wajen 200 ko fiye. Yanzu ne ya dace zanen nan mai hawa da sauka ya shigo, tunda yaro ya ga muryarsa ce ta haife shi. Da wayar, da bokitin ruwa mai zurfi, da guntun bututun roba na masu gyaran famfo, za a yi gwajin bututu da ke cikin tsarin karatu. A kunna sautin haz 512 a bakin bututun, a riƙa ɗago shi daga ruwa sannu a hankali. Filin iskar na kaiwa wajen santimita 16 sai ƙarar ta tashi farat ɗaya. A ci gaba da ɗagowa ta lafa, ta sake tashi bayan an ƙara wajen santimita 34. Wannan 34 ɗin rabin zango ce. A ninka ta biyu a buga da 512, gudun sauti ya sake fitowa ta wata hanya.

Kada a fahimce ni a baibai, ban ce a jefar da lissafi ba. Ɗalibi yana da WAEC da NECO da JAMB a gabansa, kuma fiziks ba ya tsayuwa sai da lissafi. Maganata a kan abin da ya kamata ya riga wani ce: a ji, a auna, sannan a rubuta. Darasi ninki na minti 80 ya isa gwajin katanga har da gardamar da za ta biyo baya.

Inda gizo ke saƙa shi ne jarrabawar kanta. A firaktikal na WAEC tambayoyi uku ake bayarwa a zaɓi biyu, kuma shekara da shekaru abin da aka saba gani shi ne na nauyi da motsi, da na haske, da na lantarki. Makaranta mai ƙaramin ƙarfi kuwa kayan abin da zai fito take saye, sau da yawa ma sai jarrabawa ta ƙarato. Da haka sauti ya koma na takarda. Sannan malamin kansa: da yawa haka aka koya musu tun daga sakandare har kwalejin ilimi, ba su taɓa jin bututu ya amsa ba. A wasu makarantun malamin lissafi ne aka ɗora wa fiziks don babu wani. Ga aji mai ɗalibai tamanin ko ɗari, ga albashin da ba ya kai ƙarshen wata. Duk na yarda, kuma ba na neman a ƙara wa malami kaya a kan kaya. Sai dai aji mai ɗalibai ɗari shi ya fi buƙatar a fita fili, domin na bencin baya ba ya ganin allo, amsa-kuwwa kuwa kowa zai ji ta.

Harshe ma yana ciki. Yaron da ke fama da Turanci, aka kuma miƙa masa sabon tunani cikin Turancin, sai ya ajiye tunanin ya haddace kalmomin. Malam ya fara da Hausa: me kuka ji, me ya kaɗa, me ya canja? Idan abin ya zauna sai a sa masa sunansa na Turanci a yi lissafi, tunda da Turanci za a rubuta jarrabawa. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da 'yan firamare da Yarbanci tsawon shekara shida, ya nuna yaran ba su koma baya ba, har a Turancin. Malamai da yawa suna yin haka a ɓoye, suna tsoron a ce ba su iya ba. Ya kamata shugabanninsu su gaya musu daidai suke yi.

Da a ce duk wannan maganar cin jarrabawa ce kawai, da ban ɗaga murya haka ba. Abin ya shafi kunnuwan jama'a. Ka leƙa rumfar injin niƙa a unguwa: yaro ɗan shekara goma sha biyar yana tsaye kan inji tun safe har la'asar, gari ya rufe masa gira, idan za ka yi masa magana sai ka kai baki kunnensa ka yi ihu. Ga mai yankan ƙarfe a wurin walda, ga janareta a bakin tagar ɗakin kwana, ga lasifikar biki da yara ke jingina a jikinta, ga iyafis a kunnen samari da 'yan mata har barci ya kwashe su. Can cikin kunne akwai wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi da ke mayar da kaɗawa ta zama saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai tsanani tana kashe su, kuma a jikin ɗan Adam wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Ba ciwo, ba jini. Mutum ya dawo daga biki kunnensa na ta ziii, ya ce gobe zai daina, bai san gargaɗi ba ne. Lafiyayyen kunnen matashi yana ji daga haz 20 zuwa wajen 20,000, kuma siraran sautuka su ke fara ɓacewa. A kunna haz 16,000 a aji, yara za su yamutsa fuska, malam mai shekara hamsin wataƙila bai ji komai ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin rasa ji saboda sauraron abubuwa da ƙarfi. Ta kuma ba da ma'auni da desibel, wato awon ƙarfin ƙara: desibel 80 kunne zai iya ɗaukarsa har awa 40 a mako, amma a desibel 90 awa 4 ne kacal. Wanda bai sani ba zai ce tsakanin 80 da 90 ai ɗan kaɗan ne. Ɗalibin da aka koya wa da kyau ya san ƙarin desibel 10 ninki goma ne na ƙarfin da ke dukan kunne, ƙarin 3 ma ninki biyu ne. Ya kuma san cewa a fili duk lokacin da ka ninka tazararka da abin da ke ƙara, desibel 6 ke raguwa, don haka janaretan da aka matsar daga mita 2 zuwa mita 8 ya sauƙaƙa wa mai barci wajen desibel 12. Wannan ilimi ne da yaro zai kai gida a ranar da aka koya masa. Nijeriya tana da dokar taƙaita ƙara tun 2009 a ƙarƙashin hukumar kula da muhalli ta NESREA, amma doka ba ta cika leƙa rumfar niƙa ba. Ɗalibin da ƙanensa ke aiki a can kuwa kullum yana shiga.

Har a masallaci wannan sani yana da wuri. Kowa ya lura kiran sallar asuba yana zuwa daga nesa tar fiye da na azahar. Shirun gari yana ciki, amma akwai ƙari: da dare iskar da ke kusa da ƙasa ta fi ta sama sanyi, sauti kuma ya fi gudu a mai ɗumi, sai ya lanƙwaso ƙasa maimakon ya tsere sama. Lasifika ba ta buƙatar ƙarfin rana da asuba ke nan. Haka masallatan da aka kashe kuɗi aka shafe su da tayil, huɗuba na karo da amsa-kuwwarta, sahun baya ba ya gane komai, a ƙara murya abin ya daɗa cakuɗewa. Sau da yawa maganin kafet ne da labule da silin, da ƙananan lasifiku da aka rarraba aka rage musu murya.

Abin da nake roƙo ba mai tsada ba ne. Kwalejojin ilimi su daina yaye malamin fiziks da bai taɓa auna gudun sauti da hannunsa ba. Ƙungiyar malaman kimiyya ta ƙasa, STAN, wadda ke nan tun 1957, rassanta na jihohi su riƙa haɗa malamai ko da na yini ɗaya ne, kowa ya zo da bututu da bokiti ya gwada a gaban 'yan uwansa kafin ya tsaya gaban yara. Hukumomin jarrabawa su riƙa sa gwajin bututu a firaktikal a kai a kai, domin abin da suke tambaya shi makarantu ke koyarwa. Jami'an duba makarantu kuma, bayan sun gama da littafin shirin darasi da sa hannun shugaban makaranta, su kira ɗalibi ɗaya daga bencin baya su tambaye shi nawa ajinsu ya samu da suka auna, kuma a wace katanga. Mu iyaye ma muna da baki a taron iyaye da malamai. Idan shugaban makaranta ya ce babu kuɗin tef da bututu, magini ɗaya da mai gyaran famfo ɗaya a cikinmu sun isa su kawo.